WIC: Yadda sauya jerin kayan tallafi ya sauya cimar mata da yara a Amurka

WIC shiri ne na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wanda aka kafa a 1972 domin tallafa wa mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Ba a ba su kuɗi a hannu. Takarda ko kati ake bayarwa, wanda ba ya sayen komai sai abincin da gwamnati ta lissafa.

A 2009 aka yi wa jerin garambawul. An rage ruwan 'ya'yan itace da cuku da ƙwai, aka ƙara hatsin da ba a surfe ba, sannan aka ware wa kowane yaro dala 6 a wata domin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa.

Masu bincike sun kwatanta sayayyar iyalai da cimarsu kafin sauyin da bayansa. Sun gano cewa sayen hatsin ya ƙaru, na ruwan 'ya'yan itace ya ragu, ƙananan shagunan unguwanni kuma suka fara ajiye kayan lambu. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa ƙiba mai yawa tsakanin yaran shirin 'yan shekara 2 zuwa 4 ta sauka daga kashi 15.9 cikin ɗari a 2010 zuwa 13.9 a 2016.

A 2024 kason kayan lambu na yaro ya kai dala 26 a wata, amma samunsa ya dogara da kasafin da majalisar dokokin ƙasar take amincewa da shi kowace shekara.