Pau-Brasil: Tarihin Itacen Da Ƙasa Ta Ci Sunansa

A gaɓar gabashin Brazil akwai wani dogon kurmi mai bin bakin Tekun Atlantika, wanda mutanen ƙasar ke kira Mata Atlântica, kuma a wani yanki nasa, daga jihar Rio Grande do Norte a arewa zuwa Rio de Janeiro a kudu, ake samun itacen pau-brasil, wanda ba ya tsiro da kansa a wani wuri dabam a duniya. Masana tsirrai suna kiransa Paubrasilia echinata, suna kuma lissafa shi cikin dangin tsamiya da ɗorawa, wato itatuwan da ke zuba 'ya'yansu a cikin kwanso. Yana da ƙaya a jikinsa lokacin ƙuruciya, furensa rawaya ne mai ƙamshi da ɗigon ja a ganye ɗaya, girmansa kuwa a hankali yake tafiya, har sai ya shafe shekaru da dama kafin zuciyarsa ta ƙosa. Wannan zuciya, wato ƙaƙƙarfan katakon da ke tsakiyar gangar jikin, ita ce ta jawo masa kasuwa, domin idan aka niƙa ta aka jiƙa a ruwa tana ba da jan rini, wanda marina ke haɗawa da alif don ya kama ulu da siliki.

Tun kafin Turawa su san da nahiyar Amurka, marinan Turai suna sayen wani itace mai kama da wannan daga kudancin Asiya, da tsada ƙwarai saboda yawan hannuwan da yake bi kafin ya iso, kuma suna kiransa brasil. Saboda haka da jiragen Pedro Álvares Cabral suka isa gaɓar Bahia a watan Afrilu na 1500, Fotugisawa ba su daɗe ba suka gane cewa sabuwar ƙasar, wadda ba su ga zinariya ko kayan yaji a cikinta ba, tana da abin da kasuwa ta riga ta san darajarsa. Sun raɗa mata sunan addini, Terra de Santa Cruz, amma bakin fatake ya rinjayi na fada, aka riƙa cewa ƙasar brasil har sunan ya zauna, abin da ya ɓata wa marubucin tarihi João de Barros rai, har ya ɗora laifin a kan Shaiɗan.

Sarki Manuel na Ɗaya na Fotugal ya mayar da itacen mallakar sarauta, sa'annan a 1502 ya ba da hayar cinikinsa ga wata ƙungiyar attajiran Lisbon ƙarƙashin Fernão de Loronha. Turawan ba su shiga kurmi da kansu ba. Sun kafa ƙananan zangunan ciniki a bakin teku, irin na Cabo Frio da na Pernambuco, suka bar sara da dako ga mutanen ƙasar masu harshen Tupi, a kan tsarin ba ni gishiri in ba ka manda: gatari da wuƙa da ƙugiyar kamun kifi da madubi da ƙyalle, a musanya da gungumen itace. Gatarin ƙarfe shi ne babban abin da ya sauya al'amari, domin mutanen da a da suke hura wuta a gindin itace su kuma sassare shi da gatarin dutse yanzu suna iya kayar da shi cikin ɗan lokaci, su ɓare fatarsa, su sassaƙe farin katakon waje har jan ya bayyana, su yanka shi gunduwa-gunduwa, su ɗauko a kafaɗa ta cikin kurmi zuwa bakin ruwa, tunda ƙasar ba ta da dabbar dako a wancan zamani. Littafin lissafin wani jirgi mai suna Bretoa, wanda ya yi lodi a Cabo Frio a 1511, ya nuna ya ɗauki gungume sama da 5,000, tare da aku da birai da mutane fiye da talatin da aka tafi da su a matsayin bayi, abin da ke nuna cewa tun farkon cinikin ba itace kaɗai ake raba ƙasar da shi ba.

Riba irin wannan ba ta ɓoyuwa. Fataken Faransa daga Rouen da Dieppe da Honfleur, waɗanda masaƙun garuruwansu ke buƙatar jan rini, sun ƙi yarda da iƙirarin Fotugal, suka ƙulla abota da ƙabilar Tupinambá, har a 1555 suka kafa sansani a mashigin ruwan Guanabara, inda birnin Rio de Janeiro yake a yau, ba a kuma gama korarsu ba sai a 1567. Tsoron kada Faransa ta ƙwace gaɓar yana cikin dalilan da suka sa Sarki João na Uku ya rarraba ta ga manyan fadawansa a 1534 don su zaunar da mutane, daga nan kuwa gonakin rake suka fara cin kurmin da wuta. Masanin tarihi Warren Dean ya ƙiyasta cewa an sare itacen pau-brasil kusan miliyan biyu a ƙarni na farko na wannan ciniki.

Da itacen ya fara ƙaranci kusa da teku, har sai an yi tafiya mai nisa kafin a same shi, sarauta ta fitar da wata doka a 1605, Regimento do Pau-Brasil, wadda ta hana sara ba tare da takardar izini ba, ta umarci a bar kututture don ya sake toho, ta hana ƙona kurmin da itacen ke ciki, ta kuma yanke hukuncin kisa da ƙwace dukiya ga wanda ya wuce izininsa da fiye da kintal 100, wato kimanin tan shida. Wasu marubuta suna ɗaukarta a matsayin dokar kare daji ta farko a Brazil, sai dai wanda ya duba sharuɗɗanta zai ga cewa baitulmalin sarki take karewa, domin damuwarta kada kayan su ƙare ko farashi ya faɗi, fasa-ƙwauri kuwa bai tsaya ba. A can Turai ma aikin bai rabu da wahala ba, domin a Amsterdam an buɗe wani gidan yari a 1596, wanda aka fi sani da Rasphuis, inda fursunoni bibbiyu ke jan wani babban zarto mai haƙora da yawa a kan gungumen daga safe zuwa yamma don su mayar da shi gari ga marina.

Abin da dokoki suka kasa yi, ilimin haɗa sinadarai ne ya yi shi. Bayan William Perkin ya samar da rinin farko na masana'anta a Ingila a 1856, aka kuma samu jan rini na haɗi a Jamus a ƙarshen shekarun 1860, marina suka juya wa itacen baya, daular Brazil kuwa tun a 1859 ta riga ta saki babakeren da ta gada daga Fotugal. Sai dai kafin lokacin wata kasuwa ta biyu ta riga ta buɗe. A Faris, wajen shekarun 1780, wani masassaƙi mai suna François Xavier Tourte ya daidaita siffar sandar da ake kaɗa gogen Turawa da ita, ya kuma gano cewa babu katakon da ya kai pau-brasil dacewa, saboda yana da nauyi da ƙarfi, ana iya lanƙwasa shi a kan wuta ya riƙe lanƙwasar, yana kuma jure jan izgar da aka ɗaura masa. Masu wannan sana'a suna kiransa pernambuco, kuma har yau da shi ake yin sanduna masu daraja. Buƙatarsu ba ta kai ta marina yawa ba, amma tana da zaɓe, domin tsoffin itatuwa masu miƙaƙƙen katako marar ƙulli take nema, akasarin gungumen kuwa yakan tafi a banza kafin a fitar da sanda ɗaya mai kyau.

Kariyar gaske ta zo a makare. A 1978 doka ta ayyana pau-brasil a matsayin itacen ƙasa, a 1992 hukumar kula da muhalli ta IBAMA ta sa shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar ƙarewa, a 1999 aka keɓe masa gandun daji na ƙasa a Porto Seguro, kusa da inda Cabral ya sauka, a 2007 kuma aka shigar da shi rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ma'ana daga lokacin aka hana fitar da gungumensa sai da takarda. A taron Panama na 2022 Brazil ta nemi a mayar da shi rukuni na ɗaya, wanda ke hana cinikin kusan gaba ɗaya, makaɗa da masassaƙa suka nuna adawa don gudun a riƙa tsare su a kan iyakoki saboda tsoffin sandunansu, aka tashi a kan tsaurara sharuɗɗan fitarwa daga Brazil. Masassaƙan sun kafa ƙungiya mai ɗaukar nauyin dashe, wanda abin yabo ne, amma dashe ba ya mayar da kurmi, kuma kurmin Mata Atlântica, bayan rake da kofi da kiwon shanu da manyan birane sun bi ta kansa, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, a warwatse cikin ƙananan gutsattsari waɗanda da wuya itatuwan wani su haɗa iri da na wani.