Motar Wasa da Dodon Koɗin Teku

A ranar 7 ga Nuwamba, 1938, wani yaro Bayahude mai suna Eric Kandel ya cika shekara tara a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. Iyayensa suka ba shi 'yar motar wasa shuɗiya mai batir. Kwana biyu bayan haka 'yan sandan Nazi suka buga musu ƙofa, suka ce su fice daga gidan. Da suka dawo bayan 'yan kwanaki, sai suka tarar an yi awon gaba da kayansu, har da motar. A 1939 iyalin suka tsere zuwa Amurka.

Har ya tsufa, Kandel bai manta ƙarar bugun ƙofar nan ba. Tambayar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta ita ce: a ina ƙwaƙwalwa take ajiye irin wannan abu, kuma ta yaya?

Tarihi da adabi ya fara karantawa a Jami'ar Harvard, sannan ya koma likitanci a Jami'ar New York da niyyar bin tafarkin Freud na nazarin zuciyar ɗan'adam. Wani malami a Jami'ar Columbia, Harry Grundfest, shi ya juya masa akala. Ya nuna masa cewa mai son gane ƙwaƙwalwa sai ya bi ƙwayoyin jijiyarta ɗaya bayan ɗaya. Daga baya Kandel da abokin aikinsa Alden Spencer suka duƙufa kan auna wutar da ke gudana a ƙwayoyin hipokamfus, wato sashen ƙwaƙwalwa da aka gano yana da hannu wajen tunawa, suna gwaji da kyanwa. Sun gane cewa sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin suke haɗuwa da juna. Sai dai mahaɗun sun yi yawan da ba za su biyu ba.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan hali. Idan babbar manhaja ta ƙi aiki, ba ka zama ka zura wa dubban layuka ido. Ragewa za ka yi ta yi, har ka kai ga ɗan yankin da matsalar take bayyana. Abin da Kandel ya yi ke nan. A 1962 ya tafi Paris wurin Ladislav Tauc don ya koyi aiki da Aplysia, wani ƙaton dodon koɗi na teku. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, shi kuwa wannan dabba kusan 20,000 gare shi, wasunsu ma ana ganin su ba tare da madubin likita ba. Manyan masana da dama sun ɗauka saurayin ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Idan aka taɓa ɗan bututun da ke bayan dabbar, sai ta janye gaɓar numfashinta. In aka yi ta taɓawa a hankali, sai ta saba, ta rage janyewa. In kuwa aka ɗana mata wutar lantarki a wutsiya, sai ta zama mai firgita, taɓawa kaɗan ta janye da ƙarfi. A 1970 Kandel da abokan aikinsa suka nuna cewa koyo yana sauya ƙarfin saƙon da ke ratsa mahaɗar ƙwayoyin jijiya: sabo yana raunana shi, tsoro yana ƙarfafa shi.

Daga baya aka gano abin da ya fi wannan. Ɗana wuta sau ɗaya yana sa a saki sinadarin serotonin, mahaɗar ta yi ƙarfi na 'yan mintuna, shi ke nan. Amma in aka maimaita, ana ba da tazara tsakani, saƙon yakan isa cibiyar ƙwayar, ya tayar da ƙwayoyin gado, a ƙera sababbin sinadaran furotin, sababbin mahaɗai su tsiro. Sai dabbar ta riƙe darasin har makonni. Ɗalibin da ke tara karatu sai daren jarrabawa ya kamata ya lura da maganar tazarar nan.

A nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Idan na ajiye hoto a wayata, wayoyin da ke cikinta ba sa tsirowa. Ƙwaƙwalwa kuwa, jikinta take sake ginawa kafin ta riƙe abu na dogon lokaci.

A shekarun 1990 Kandel ya koma kan hipokamfus, wannan karon da ɓeraye, aka kuma ga irin waɗannan sinadarai suna aiki a can. A 2000 ya karɓi kyautar Nobel tare da Arvid Carlsson da Paul Greengard. Dodon koɗi bai bayyana yadda mutum yake tuna launin motar wasa bayan shekara sittin ba, masana suna kan binciken wannan har yau. Abin da ya nuna shi ne hanyar da bugun ƙofa na dare ɗaya yake bi ya bar tabo a naman ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara tara.