Darussan Kwamfuta na Bayan Tashi daga Makaranta

Darussan kwamfuta na bayan tashi daga makaranta tsari ne na tara 'ya'yan talakawa a wani ɗaki na musamman da yamma, ko a ƙarshen mako, ko lokacin hutu, domin su koyi sarrafa kwamfuta da haɗa hoto, sauti da bidiyo kyauta. Ba a yin jarrabawa a cikinsa, kuma ba a tilasta wa yaro zuwa.

An fi danganta asalin tsarin da birnin Boston na Amurka. A shekarar 1993, Mitchel Resnick da Natalie Rusk, masu bincike da ke da alaƙa da jami'ar MIT, suka haɗa kai da gidan tarihin kwamfuta na birnin suka buɗe wani ɗaki mai suna Computer Clubhouse domin yaran unguwannin marasa galihu 'yan shekara 10 zuwa 18. Ra'ayinsu shi ne, a ba yaro na'ura kawai bai isa ba, sai an bar shi ya ƙera abin da ransa ke so: zane, kiɗa, ɗan gajeren fim ko wasan kwamfuta, wani babba yana kusa yana nuna masa hanya. Daga shekarar 2000 kamfanin Intel ya zuba kuɗi, ɗakunan suka kai kimanin ɗari a ƙasashe wajen ashirin. Manhajar Scratch, wadda aka fitar a 2007 kuma yara ke koyon rubuta umarnin kwamfuta da ita a duniya har yau, an tsara ta ne da yaran waɗannan ɗakuna a zuciya.

A Nijeriya abin ya biyo wata hanya dabam. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta tun 1988, amma ta tsaya a kwalejojin tarayya da 'yan wasu makarantu. Yaron makarantar gwamnatin jiha ya daɗe yana haddace sunayen sassan kwamfuta daga zanen da malami ya yi da alli, bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Wannan giɓin ne ƙungiyoyi masu zaman kansu suka shigo cikewa.

A ƙasar Hausa, ta farko da ya kamata a ambata ita ce cibiyar CITAD ta Kano. Ta faro a 1996 a matsayin ɗan shirin yaƙi da jahilcin kwamfuta, ta ɗauki sunanta na yanzu a 2000, ƙarƙashin jagorancin Injiniya Y. Z. Ya'u, tsohon malami a Jami'ar Bayero. Ta horar da ɗalibai da malamai, ta riƙa shirya gasar kacici-kacici ta fasahar sadarwa tsakanin makarantun sakandare, daga baya ta buɗe rassa a Jigawa da Bauchi, har da ƙananan garuruwa irin su Jama'are da Itas. Wannan fita daga birni zuwa karkara shi ne babban abin yabawa a tarihinta, domin yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa wuce inda kwalta ta tsaya. A Legas kuwa, Gbenga Sesan ya fara horar da matasan unguwar Ajegunle a 2007, bisa sharaɗin wanda ya koya ya koyar da wasu. Ƙungiyarsa, Paradigm Initiative, ta kawo shirin unguwar Dakata a Kano daga baya.

Yankin Funtuwa da Malumfashi na jihar Katsina, wato ƙasar auduga, masara, dawa da waken suya, ya saba da shirye-shiryen ci gaba da ake kawowa daga waje. A nan ne Bankin Duniya ya gwada ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma na farko a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970. Sai dai kwamfuta ta shigo hannun 'yan makaranta ne ta ƙofar tilas. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Nan take iyaye suka fara biyan masu shagunan buga takardu domin 'ya'yansu su koyi riƙe linzamin kwamfuta da latsa amsa kafin ranar jarrabawa. An sami amfani, amma an yi asara babba: abin da aka ƙirƙiro domin yaro ya ƙera nasa ya koma horon 'yan makonni na tsallake jarrabawa, kuma wanda ba shi da kuɗin biya, wato ainihin wanda aka yi tsarin dominsa, shi aka bari a baya. Ɓangaren haɗa sauti da bidiyo kuwa, matasa sun koya wa kansu ne a wayar hannu, ba tare da malami ba.

Akwai kuma matsalar da masu tsara shiri daga birni ba su cika lura da ita ba, ita ce ta lokaci. Yaron Boston idan ya tashi daga makaranta ba shi da abin yi, shi ya sa aka nema masa wurin zuwa. Yaron Bakori ko Ƙafur a wannan yanki ba haka yake ba. Da la'asar yana Islamiyya, da damina yana gona, yarinya kuma ga talla ga aikin gida, kuma iyaye da yawa ba sa yarda ta kai magariba a waje. Dogon hutun makaranta, wanda a birane ake cika shi da darussan kwamfuta, a nan yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da gida ya fi buƙatar hannun kowa. Duk shirin da bai zauna da malaman Islamiyya da iyaye an raba lokaci ba, ɗakinsa zai cika ranar buɗewa ne kawai. Ga kuma rashin wutar lantarki, wanda ya sa kuɗin man janareta ko na farantan sola ke cinye abin da ya kamata a biya mai koyarwa.

Babban yunƙurin hukuma a yankin ya zo da shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin ilimin 'yan mata a jihohi bakwai, ciki har da Katsina. Cikin ayyukansa akwai koyar da amfani da na'urorin zamani da kuma zaman 'yan mata da malamar da ke ba su shawara kan rayuwa. A 2023 an ƙara masa dala miliyan 700 aka faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi.

Amma shirin ya faro ne a mummunan lokaci. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jihar Katsina ta rufe makarantun kwana. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya da intanet a ƙananan hukumomi 13 saboda tsaro, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, kuma ba a fara maido da su ba sai a Disambar shekarar.