Jariran Yadakunya

Tunda bikin cikar shekara lokaci ne na waiwaye, bari mu waiwayi wani tarihi da ya shafi goyo, wanda ya faru a nan ƙasar Kano zamanin kakanninmu.

A 1893 wasu samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Ciwo ya kashe biyun farko a 1894. Bingham ya koma Kanada, ya ci gaba da ƙungiyarsu wadda aka sani da SIM, uwar cocin ECWA. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai cutar kuturta ta buɗe musu ƙofa. Wajen 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka danƙa wa SIM zangon masu kuturta na Yadakunya, wanda muke kira Asibitin Bela a Ungogo. Haka aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato.

To, matan da ke jinya a can suna haihuwa kamar kowa. A lokacin babu magani mai ƙarfi, sai allurar man wani itace na ƙasar Indiya. Likitoci sun gane ba a gadon kuturta, daɗewar cuɗanya ce ke kawo ta. Don haka sai a ɗauke jariri daga hannun uwa, a kai shi ɗakin reno. Nas-nas Turawa da matan gida da suka koyar su ne masu ba shi madara, su yi masa wanka, su kwana a kansa. Wasunsu sun bar ƙasarsu da danginsu, sun yi shekara da shekaru a kan wannan aiki. Gaskiya ɗaya ce, yara da yawa sun tashi lafiya lau ta dalilinsu.

Amma duk wadda ta taɓa goyo ta san abin da uwar ta ji. Nono na zuba, ɗanki yana nan kusa, ba halin ki ɗauke shi. Ga kuma zullumin dangi a kan addini, domin wasu yaran da suka girma a hannun mishan sun zama Kirista. SIM ta buɗe makarantar maza a Roni, ta 'yan mata kuma a nan kusa da mu, a Kabo, inda aka koyi karatu da rubutu. Wasu gidaje sun yi godiya, wasu suna ganin an raba su da jininsu.

Magani ne ya kawo ƙarshen wannan rabuwa. Ƙwayar dapsone ta yaɗu a shekarun 1950. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke warkar da cutar, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wadda ta fara sha ba ta yaɗa cutar, za ta shayar da ɗanta, ta goya shi, har yaye.

Yau abin da ke raba jariri da uwa a garuruwanmu ya fi yawa a mutuwa wajen haihuwa, da doguwar jinya, da babu. Mutanen da suka zo daga wata uwa duniya sun kwana a kan 'ya'yan da wasu ke ƙyama. Mu da muke kusa muna iya abin da su ba su iya ba, wato barin yaro cikin danginsa. In kaka ko goggo ta karɓi maraya, kada a bar ta ita kaɗai da kuɗin madara da sabulu da zuwa rigakafi. A leƙa ta, a tambaye ta me ya ƙare.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan iyayen da suka riga mu.