Sunayen garuruwan Norwe: asalinsu da ma'anarsu

Galibin sunayen garuruwan ƙasar Norwe, a arewacin Turai, sun samo asali ne daga tsohon harshen ƙasar, kuma suna bayyana yanayin wurin, kamar yadda sunan Dogon Dutsi yake yi a wajenmu. Sunan ƙasar kansa, Norge, ana fassara shi da "hanyar arewa", wato hanyar da jiragen ruwa ke bi ta gaɓar teku.

A ƙarshen suna ake gane ma'anar. "Heim" gida ne. "Vik" lungun teku ne, kamar a Narvik. "Sund" mashigin ruwa ne tsakanin tudu biyu, kamar a Haugesund. "Rud" kuwa daji ne da aka sare aka yi gona. Bergen a da Bjørgvin ne, wato makiyaya a tsakanin duwatsu. Wasu sunayen na ɗauke da tsohon addini: unguwar Torshov da ke Oslo na nufin wurin bautar Tor, ubangijin tsawa a wajen mutanen da.

Siyasa ma ta taɓa sunaye. Norwe ta shafe ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin sarautar Danmak, har zuwa 1814. Bayan gobarar 1624, Sarki Christian na 4 ya sake gina Oslo, ya raɗa masa sunansa, Christiania. Sai a 1925, shekara 20 bayan rabuwa da Suwidin, babban birnin ya koma Oslo.

Amma ba ko'ina aka yi na'am da komawa tsohon suna ba. A 1930 majalisar dokoki ta maida Trondhjem zuwa Nidaros, wato bakin kogin Nid, alhali mazauna garin sun riga sun yi watsi da canjin a ƙuri'ar 1928. Da rigima ta ƙi ƙarewa, a 1931 aka daidaita a kan Trondheim.

A arewa akwai al'ummar Sami, waɗanda hukuma ta daɗe tana sauya wa sunayen garuruwansu kama. Dokar sunayen wurare ta 1990 ta wajabta amfani da sunayen Sami inda mazauna ke kiran wurin da su. Shi ya sa garin Karasjok yake ɗauke da sunan Kárášjohka a hukumance.