Wa ya kawo mana rigakafin sanƙarau: 'yan kasuwa ko ƙungiyoyin agaji?

1/ Kullum ana gardama a nan: wasu su ce neman riba da gasa ne ke kawo ci gaba, wasu su ce kamfanoni azzalumai ne, sai dai ƙungiyoyin agaji. Ni dai tarihin allurar sanƙarau nake so mu duba. Zare ne, a yi haƙuri.

2/ A 1996 sanƙarau nau'in A ya kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ya kashe kimanin 25,000. Sama da 11,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, galibi a Arewa. Tambayi manya a gida, ba su manta ba.

3/ A shekarar ce Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano, a gwajin da aka sa yara 200, 11 suka rasu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

4/ Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ilimin haɗa rigakafi mai inganci yana nan fa. Birtaniya ta fara yi wa yaranta na nau'in C a 1999. Namu na A kuwa ba wanda ya haɗa, don Bature ba ya fama da shi, mu kuma ba mu da kuɗin saye. Kamfani ba ya gasa a kan mai saye mara ko sisi.

5/ A 2001 Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70, WHO da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman. Jami'an lafiya na Sahel suka ce musu in allura ɗaya ta wuce rabin dala, ba za su iya saye ba. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ce a wannan farashi ba da su ba.

6/ To ƙungiyar agaji ba ta da masana'anta. Sai aka samo fasahar daga hukumar FDA ta Amurka, aka kai wa Serum Institute na Indiya. Shi ma kamfanin neman riba ne, ba don Allah ya yi ba. Lissafinsa riba kaɗan a kan allura miliyoyi, kuma wasu sun ɗauke masa kuɗin bincike.

7/ Disamba 2010 aka fara yin MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011. Nau'in A ya kusa ɓacewa kwata-kwata. A ganina wanda ya tsayar da farashi kafin a fara aiki shi ya yi babban aikin.

8/ Sai dai nau'in C ya shigo: Yamai a 2015, Zamfara da Sakkwato a 2017, allura ta yi ƙaranci. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5. PATH da Serum ɗin nan ne dai suka haɗa ta.