Gyambon Buruli: Daga Wuƙar Likita Zuwa Ƙwayar Magani

Tarin fuka da kuturta su ne suka yi suna cikin cututtukan da ƙwayoyin dangin mikobakteriya ke haddasawa. Na ukunsu, wato gyambon Buruli, ya daɗe ba a san asalinsa ba. Likita Albert Cook ne ya fara bayyana shi a Kampala cikin 1897, amma sai a 1948 Peter MacCallum da abokan aikinsa a Ostireliya suka ba da bayanin ƙwayar, wadda ba ta yaɗuwa sosai a ɗakin gwaji sai an sauko da zafi zuwa wajen digiri 32. Sunan kuwa ya samo asali daga yankin Buruli na Uganda, inda cutar ta yawaita a shekarun 1960.

Da yake dafin ƙwayar, wanda aka gano a 1999, yana dusashe zafin ciwo, majiyyata kan makara zuwa asibiti, har a kai ga yanke nama ko gaɓa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar rifamfisin da allurar sitireftomaisin na mako takwas. Tun 2017 kilaritiromaisin na sha ya maye gurbin allurar.